Ƙamshin da Aka Hana Ni Faɗa a Dajin Gombak

Mun tashi daga unguwarmu ta Sri Petaling ana idar da sallar asuba, amma gaskiyar magana sau biyu muka tashi, kuma laifina ne. Mu uku ne: ni, da ƙawata 'yar Zariya da ke digiri na uku a nan, da maƙwabciyarmu 'yar ƙasa, tsohuwar malamar makaranta da muke kira Makcik, wato gwaggo. Motarta ce, tafiyar ma tata ce, domin tun da ta ajiye alli ba ta da aikin da ya wuce yawon kallon tsuntsaye. Ina shiga motar ta juyo ta dube ni ta saman takunkumi, ta sauke gilasai duka huɗu. Ƙawata ta hau tari.

"Haba Hajiya, wanka kika yi da humra? Wallahi har cikin mask take shigowa."

Makcik ta kashe mota. Ta ce ba a shiga daji da turare, ƙudan zuma za su biyo ni, su haɗa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. "Tak boleh, lah, ba zai yiwu ba. Koma ki wanke."

Haka na koma hawa na sha ɗaya na sake wanka, na sake kaya, maigida yana tsaye da jariri a kafaɗa yana danne dariya. Tun da aka kai ni ɗakin miji ban taɓa taka ƙofar gida ba turare ba sai ranar. Ji nake kamar na fito ba ɗankwali.

Masu bibiyata sun san sana'ata, humra da turaren wuta nake haɗawa ina sayar wa matan ɗalibai. Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne wata bakwai ke nan hancina ba ya aiki. Korona ta kama ni bara ta kwantar da ni sati uku, ta rage min numfashi, jin ƙamshi kuwa ta tafi da shi ɗungurungum. Albasa da fetur da kashin yaro duk ɗaya ne a wurina. Wani lokacin ma hancin ƙarya yake min, in ji ƙaurin wayar wuta, in sa maigida ya bi soket ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ke ƙonewa. Wannan ne ya sa na daina karɓar aiki, ba yankewar kaya a kasuwar Chow Kit ba kamar yadda na riƙa ce muku. Ku yafe ni. Shi ne kuma ya sa na yi wa kaina ɓarin humra da asubar nan, hannu yana zubawa, hanci bai ce ya isa ba.

Amma ba cinikin ne ya fi damuna ba. A wurin mahaifiyata na koyi haɗi, ita kuwa ba ta taɓa rubuta komai ba, da hanci take awo. Ranar da za mu taho ƙasar nan, a filin jirgi, ta zare mayafin da ke kafaɗarta ta yafa min saboda sanyin jirgi. Ta rasu lokacin kulle, hanya a rufe, ta waya na ji ana karɓar gaisuwa a tsakar gidanmu. Mayafin nan yana ƙasan akwatina cikin leda biyu, da ƙamshin humrarta a jikinsa, haɗin da har yau ban iya fitar da shi daidai ba. Tun da hancina ya mutu ban buɗe ledar ba. Ƙamshi kullum raguwa yake yi, kuma tsorona shi ne ya ƙare kafin hancina ya dawo.

Likita ta ce in riƙa shinshinar kanumfari da lemon tsami safe da yamma, in kuma riƙa tafiyar ƙafa saboda huhu. Na yi har babbar 'yata ta fara kwaikwayona da cokali. Da Makcik ta ce mu je gandun dajin jihar Selangor ta wajen Gombak, ta nace lallai sai Asabar ɗin nan, ba Juma'a ba, ba Lahadi ba. Ban tambaye ta dalili ba. Na dai ƙudura a raina cewa duk furen da na gani sai na kai masa hanci, kuma sai na ga ƙarshen hawan ko da rarrafe ne.

Babban titi fayau yake a wannan lokacin. Muka taɓa kati a wurin biyan kuɗin hanya, muka wuce dogayen benayen Sentul fitilunsu ba su gama mutuwa ba. Shaguna da yawa har yanzu a garƙame suke, da takardar neman mai haya manne a ƙofa. Daga nan muka kama tsohuwar hanyar Gombak, siririya mai kwana-kwana, daji dama da hagu, masu keke sanye da matsattsun kaya suna ta haki a kan hawa, birai kuma sun jeru a kan ƙarfen gefen titi suna kallon kowa kamar 'yan karɓar haraji. Mun tsaya wurin wata mata mai tebur a bakin hanya muka yi tapau, wato guzuri, na nasi lemak, shinkafar kwakwa da yaji da rabin ƙwai a ƙunshin ganyen ayaba, ringgit biyu kowane ƙunshi. Makcik ta ce ƙunshin ya rame tun zuwan cutar. Ƙawata tana ta yabon ƙamshin ganyen, sai ta tuna da ni ta sauya magana.

A ƙofar gandun mun nuna waya an ga shaidar allurar riga-kafi, mai gadi ya auna zafin goshinmu, ya duba takardar izinin da Makcik ta nemo mana tun farkon mako. Sannan ta tsayar da mu a gindin wata bishiya ta karanta mana dokokin kakarta. Za mu yi sallama kafin mu shiga. A ciki ba mai kiran wani da sunansa na yanka. Ta ɗaga yatsa kafin ta faɗi ta ƙarshe: duk wadda ta ji wani ƙamshi mai daɗi a cikin daji, kada ta tanka, kada ta tambayi kowa ko ya ji, ta riƙe bakinta har sai mun fito.

Na ce, "Makcik, ke da kika koyar da kimiyya?"

Ta ce kimiyya tana aji, nan kuma daji ne, kuma da dokar kakarta ta yi shekara arba'in tana shiga tana fitowa lafiya. A raina na ce camfi ne, amma mu ma muna da namu buhu-buhu, kuma in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Ƙawata ta zungure ni ta ce, "Ke dai wannan doka ba ta shafe ki ba, you are safe." Na yi dariya, amma maganar ta soke ni.

Mun shiga da bismillah. Hanyar farko shimfiɗaɗɗiya ce a gefen rafi, ƙasa jiƙe, ganye yana ɗigar raɓa. Makcik ta rataya min madubin hangen nesa a wuya, ni kuwa rabin awa ba abin da nake gani sai ganye ya yi girma. Sai ta koya min dabararta da raɗa: kada in nemi tsuntsu, in nemi motsi, in na ga reshe ya kaɗa in kafe shi da ido, in kawo madubin wurin idon ba tare da na sunkuya ba. Gwajin farko na kama wani baƙi wuluk mai sheƙi, da wasu zare biyu dogaye a wutsiya, kowane da ɗan tuntu a ƙarshe. Na kusa yin guɗa, ta toshe min baki da kallo.

Shirun nan shi ne babban aiki. Makcik takan zaɓi wuri ta tsaya cak minti goma sha biyar, 'yar takardarta a hannu, tana rubuta duk abin da ya gifta ko ya yi kuka. Ku da kuka san ni kun san azumin yini ya fi min wannan sauƙi. Ƙawata ma haka, baki biyu a ɗaure, sai zaro ido muke wa juna. Amma shirun ya biya. Mun ga wasu koraye masu jan wuya suna cafke ƙwari a iska suna komawa reshe ɗaya. Mun ga maƙwaƙƙwafi mai jan kai yana aikinsa ba ruwansa da mu. Sannan muka ji wani fuu-fuu a sama kamar ana fifita wuta da babban faifai, sai ga cilakowa biyu, ba irin ramammun namu na gida ba, manya, da wani abu kamar ayaba a saman baki. Na tsaya baki buɗe a cikin takunkumi.

Wanda Makcik ta fi ɗoki a kansa kuwa wani ɗan mitsitsi ne mai launin ganye, da farin layi a saman ido, wanda ni da zan wuce shi sau goma ban kula ba. Ta ce baƙo ne. Ƙasar nan ba ta san sanyi ba balle ƙarewarsa, amma can arewa mai nisa yanzu ƙanƙara ke narkewa, shi ya sa a watan Maris baƙin tsuntsaye ke cika ciki suna shirin komawa gida. Ta ce wannan ɗan abin da bai kai babban yatsana ba zai ƙetare teku. Na daɗe ina kallonsa yana tsince-tsince a ƙarƙashin ganye.

Furanni kuwa ban bar ko ɗaya ba. Akwai wani ruwan hoda mai duhu a bakin hanya, wanda 'ya'yansa ke baƙanta harshe, Makcik ta ba mu muka tauna muka nuna wa juna harshe kamar yara. Na ja takunkumi ƙasa na shinshina, ba komai. Akwai rawaya mai faɗi a jikin wata bishiya mai manyan ganye, wanda ta ce da ganyen ake ƙunshe abinci a ƙauyensu. Ba komai. Na durƙusa har gwiwata ta nutse a laka don wani ja da ya fito daga ƙasa kai tsaye, ɗan'uwan citta ne, na murza ganyensa a tafin hannu na kai hanci. Ba komai. Har wani tsiro mai kamar 'yar buta da murfi, wanda ke haɗiye ƙwari, sai da na leƙa masa hanci. Na ƙirga fure tara, sannan na daina ƙirgawa don raina ya fara ɓaci.

A wurin durƙuson nan ne matsattsaku suka same mu. Ni biyu na cire daga safa ban ce uffan ba. Ƙawata da ta ga ɗaya ya ƙoshi a idon sawunta sai ta ƙwalla salati da ƙarfin da ya tashi duk wani mai fiffike a kwarin. Makcik ta rufe takardarta a hankali, ta ciro gishiri a jaka ta barbaɗa masa, ta ce ƙidayar wurin nan ta ƙare.

Daga rafin hanya ta miƙe tsaye. Saiwoyi ne matakala, wani wurin sai an kama igiyar da aka ɗaura a jikin itace. Nan cutar ta tuna min ba ta gama da ni ba. Ƙirjina ya riƙa fito, idona yana ganin taurari, gumi ya jiƙa hijabina har baya. Na zauna a kan wata saiwa ina jan iska kamar ta bakin ƙaramar mazurari. Makcik ta tsuguna ta riƙe wuyan hannuna ta ce mu koma, daji ba ya gudu, akwai wata Asabar.

Na ce, "Makcik, in na koma yau ba zan sake fitowa ba. Na san halina."

Ta dube ni ta dubi agogo, ta ce to, taku ashirin a huta. Haka muka yi. Ƙawata ta karɓi jakata ta haɗa da tata, tana ƙirga min da Turanci, in ta ga na galabaita ta tsallake lamba biyu tana zaton ban lura ba. Sannu ba ta hana zuwa, amma ranar na gane inda aka ce sai dai a daɗe ba a je ba. Hawan da Makcik ke yi a minti arba'in sai da ya ci mana awa ɗaya da rabi.

A sama akwai fili kan dutse. Birnin da muka baro yana can ƙasa cikin hazo, dogayen benayensa kamar ashana a tsaye. Muka buɗe ƙunshinmu, ni dai gishiri da zafin yaji kawai harshena ke shaidawa. Muna ci Makcik ta miƙe zumbur ta nuna sama. Wasu manyan tsuntsaye dangin shaho ne, sun fi ashirin, ba sa ko kaɗa fiffike, suna kewaya suna hawa iska mai zafi, in sun kai ƙololuwa sai su miƙe ɗaya bayan ɗaya su nufi arewa. Ta ce daga tsibiran kudu suke, gida za su. Zan faɗa muku gaskiya, hassadarsu na ji. Ba wanda ya tambaye su takardar gwaji, ba wanda ya rufe musu hanya, ni kuwa uwata aka binne ina zaune a falo da waya a kunne.

Ina cikin wannan tunanin iska ta juyo daga hagu, sai wani abu ya taɓa can cikin hancina. Siriri ne ƙwarai, ya zo ya wuce. Na daina tauna. Ya sake dawowa, mai sanyi, mai ɗan zaƙi. Na yi shakka, domin na san hancin nan da ƙarya, sai dai ƙauri ya saba kawo min, bai taɓa kawo daɗi ba. Na juya na ce, "Wai kuna jin..." Makcik ta ɗaga yatsan nan nata, ko kallona ba ta yi ba.

Wata bakwai ina jiran wannan lokacin, ga shi ya zo a wurin da aka hana ni tambaya. Haushi ya kama ni kamar in yi ihu. Sai na ce to, tunda ba mai gaya min ko gaskiya ne, ni zan je in gani da idona. Na ajiye shinkafar, na cire takunkumin gaba ɗaya, na miƙe na bi iskar. In na yi taku biyar ya ɓace, sai in tsaya in juya kai har ya dawo. Na bi ta bayan dutsen, na ratsa wasu ciyayi masu kaifi da suka yanke ni a hannu, ina jin takun Makcik a bayana. Ƙamshin yana ƙara kauri, har na daina shakka na fara sauri.

Wata tsohuwar bishiya ce da ta karkata kan gangare. Jikinta da rassanta duk wani tsiro ya manne, kuma ya yi fure fari fat, ɗaruruwa, jere a kan siraran sanduna. Kowane fure kamar 'yar farar kurciya ce ta buɗe fiffike za ta tashi, da ɗan rawaya a maƙogwaro. Ƙudan zuma suna ta hidima a kai, ba su kula ni ba, na gode wa Allah da wankan asuba. Na kai fuskata na ja. Kamar ruwan wardi ne da aka sirka, da wani zaƙi a ƙarshe da ban san sunansa ba. Na ja na sake ja har kaina ya yi nauyi, hawaye yana zuba, bakina a rufe gam.

Saukowa ta fi hawa wuya, ba don gwiwa ba, don maganar da ke cike da bakina. Ƙawata ta ga idona ja ta ɗauka ƙirjin ne, tana ta tambaya ko a kira mai gadi, ni kuwa sai girgiza kai. Awa ɗaya da wani abu na riƙe. Muna taka kwaltar wurin ajiye motoci na saki murya: "Na ji! Wallahi na ji ƙamshi!" Mai gadi ya fito da gudu yana zaton maciji ne. Ƙawata ta rungume ni muna tsalle, ba mai tuna dokar tazara.

A mota Makcik ta faɗa mana dalilin Asabar. Furen nan, in ji ta, ba ya buɗewa sai kwana tara bayan ruwan sama mai ƙarfi ya sanyaya gari farat ɗaya, duk su buɗe tare, kuma yini ɗaya tak suke yi su yanƙwane. Tun ranar da aka yi ruwan nan da ya cika mana wurin ajiye motoci na gidanmu take ƙirga min kwana a takardar tsuntsayenta. Ta ƙara da cewa akwai irinsa ma a bishiyar bayan ginin gidanmu. Na ce to me ya sa ta wahalar da ni har kan dutse? Ta ce da ta ce in sauko in shinshina, da tsoro zan zo, in ja sau ɗaya in ce ba komai in koma sama. "Gara ki gaji tukuna, lah, ki manta kina nema."

Mun dawo cikin cunkoson azahar da yayyafi. Kada in yi muku ƙarya, hancin bai dawo duka ba. Mun tsaya a mamak, wato gidan shayinsu, na sha shayi, ruwan zafi mai zaƙi kawai na ji. Hayaƙin babbar motar da ke gabanmu kuwa na ɗan ji shi, kuma ban taɓa murnar warin gas ba sai ranar.

Da na shiga gida ban ko cire safa mai jinin matsattsaku ba. Na wanke hannu, na rufe ƙofar ɗaki da taga, na kashe fanka, na jawo akwatin. Na kwance leda ta farko, na kwance ta biyu kaɗan, daidai shigar hanci. Da farko ba komai, har zuciyata ta fara karyewa. Na tuna dabarar madubi, na daina nema, na zauna shiru ina numfashi a hankali. Sai ga shi can ƙasa, ya rage ƙwarai amma yana nan: sandal, farce, da kajiji mai yawa fiye da yadda na taɓa zato. Shekara huɗu ina ƙara miski ina mamakin abin da ya hana haɗina zama nata, ashe kajiji take cikawa. Na ɗaure ledar da sauri, na yi kukan da ban samu yi ba ranar da aka kira ni da labarin rasuwarta.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa. Na koyi cewa in ka shiga wurin mutane ka riƙe dokarsu ko ba ka gane ta ba, domin da an bar ni na yi tambaya, da an ce min e, na koma kan shinkafata ban taɓa ganin bishiyar ba. Na kuma koyi cewa maƙwabcin kirki yana iya ƙirga maka kwana tara kai ba ka sani ba. Masu jiran humrar Sallah ku ƙara min haƙuri, sai hancin ya ƙara ƙwari. Amma jiya na je Chow Kit na sayo kwalabe, na kuma aika gida a nemo min kajiji mai kyau. Kwalbar farko ba ta sayarwa ba ce, mayafin zan fara shafa wa.